Aikin Gida: A Daina Yi Wa Ɗalibai Kuɗin Goro

A yawancin makarantun Kafanchan da kewaye, dokar aikin gida ɗaya ce, kuma ba a rubuce take ba: wanda bai kawo ba ya ci sifili, in malam ya tashi da zafin rai a ƙara masa da bulala ko yankan ciyawa. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a ƙaramar hukumar Jama'a, kuma ina ganin wannan doka tana cutar da yaran da ya kamata ta gyara.

Iyaye da yawa ba su san nauyin sifilin nan ba. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da ya biyo baya a 1982, jarrabawar ƙarshen zango ba ita kaɗai ke yanke wa yaro hukunci ba. Gwaje-gwajen cikin aji da aikin gida kan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100. Yaro mai ƙoƙari zai iya cin jarrabawa, sifili biyu ko uku su dawo da shi baya.

Ga shi kuwa yara iri uku ne muke haɗawa a hukunci guda. Na farko shi ne wanda ya makara. Daga Kwoi zuwa Kachia da Kagarko, idan lokacin haƙar citta ya zo wajen ƙarshen zangon farko, yaro na tashi daga makaranta sai gona, da yamma a zauna tsagawa da shanya. Washegari za ka ji ƙamshin citta a littafinsa. Wani kuma dokar hana fita ce ta tsare shi, irin wadda aka sa a Jama'a da Kaura a ƙarshen 2016, da wadda aka sake sawa a 2020. Irin wannan yaro, ƙarin lokaci yake nema.

Na biyu shi ne wanda bai kammala ba. Buɗe littafin yarinyar da ta yi tambaya uku cikin goma. A ta huɗu za ka ga ta rubuta ta goge, ta sake ta goge, har takardar ta huje. Nan ne darasina bai shige ta ba, kuma babu abin da ya fi wannan shafi amfani ga malami. Amma je ka bayan aji da safe kafin a kaɗa ƙararrawa: yara biyar sun jeru a bakin taga suna kwafar littafi ɗaya. Su za su sami goma cikin goma, ita mai gaskiya ta sha bulala. Me muka koya mata ke nan?

Na uku shi ne wanda bai taɓa aikin ba sam, kuma ya mai da abin ɗabi'a. Shi kam sai an bi shi har gida.

Ga dokar da nake rubutawa a allo ranar farko ta zango, kowa ya kwafa a bangon littafinsa, uba ko uwa su sa hannu. Ranar karɓa tana nan, ba ta motsi. Wanda ya makara yana da kwana uku, ana zare masa maki ɗaya kullum. Mai uzuri na gaskiya, rashin lafiya ko rasuwa ko tashin hankali a garinsu, ba a zare masa komai. Wanda bai gama ba ya kawo haka nan, a ba shi makin abin da ya yi, ya nuna inda ya kakare. Wanda bai yi ba ya zauna lokacin tara ya yi a gabana; in ya maimaita sau uku, a kira iyayensa. Masu kwafa, da mai bayarwa da mai karɓa, kowa ya sake sabon aiki.

Mu malamai ma akwai namu. Aikin da ka bayar ba ka duba ba, ba ka da bakin hukunta wani a kansa. A aji mai cunkoso, tambaya biyar da za a duba da jan biro sun fi ashirin da za su kwana a kan tebur. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ta riƙa nanata wa malaman gobe wannan.

Shugabannin makarantu, ku kai maganar taron iyaye da malamai, a fitar da doka ɗaya a rubuce wadda kowa ya sani. Iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba, ku ware wa yaro awa ɗaya da fitila bayan cin abincin dare, ku ce ya nuna muku abin da ya rubuta. Allah Ya yi wa yaranmu albarka.