Ruwa garau, lafiya lau? Abin da rijiyoyin gwaji suka tona a ƙasar Ogoni

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan ruwan sha dai, ido yana yaudarar mai shi. Mutum ya ɗebo ruwa a kofi, ya ga garau, ya shinshina bai ji wari ba, sai ya ce lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙayyade cewa benzin, sinadarin cikin man fetur da ke jawo sankarar jini, kada ya wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya. Kashi ɗaya ke nan cikin miliyan ɗari. Ba idon da zai ga wannan, ba hancin da zai ji shi. Haka gubar dalma, haka kuromiyam.

A watan Agustan 2011, UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. Ma'aikatanta sun haƙa rijiyoyin gwaji 142. A Nisisioken Ogale sun tarar ana shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900, ga tataccen mai, kaurin santimita 8, yana yawo a saman ruwan da ke shayar da rijiyoyin gari.

Ana kuma cewa ƙasa mataciya ce, duk abin da aka zubar za ta tace kafin ya kai ruwa. Da yumɓu ya shimfiɗu ko'ina da maganar ta yi kusa da gaskiya. A Ogoni binciken ya nuna shimfiɗar yumɓun a yanke take, kuma a wurare 49 an sami mai a zurfin mita 5 ko fiye. A Ejama-Ebubu, an tarar man da ya malala shekara 40 kafin binciken yana nan daram.

Maganar da ta fi damuna ita ce "ai an gwada, an ce ba komai." A ina aka gwada? Ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiya yake yi, a hankali, yana bin gangare. Sai an auna zurfinsa a rijiya uku aƙalla kafin a san inda ya nufa. Ana barin rijiya ɗaya ta sama da masana'antar da ake zargi don a ga ruwan kafin ya iso, sauran a ƙasa inda yake fita. Wanda ya gwada ta sama kaɗai zai dawo da takarda fes, alhali gubar tana can tana gangarawa cikin unguwa. Zurfi ma da hukuncinsa: fetur yana tasowa saman ruwa, sinadaran wanke ƙarfe masu kulorin kuwa nutsewa suke yi can ƙasa.

Ɗibar ma ba ta guga ba ce. Rijiyar gwaji siririn bututu ne, sau da yawa faɗinsa bai wuce inci 2 ba, da murfi da kwaɗo. Ruwan da ya kwana cikin bututun ya sha iska, abin da ake nema ya riga ya gudu, don haka zubar da shi ake yi. Ma'aikaci ya zura ƙaramin famfo ya yi ta ja sannu-sannu, idonsa a kan na'ura, har zafin ruwan da tsaminsa su tsaya wuri guda. Sannan ya cika 'yar kwalba mai mililita 40 har ruwan ya yi tozo, ya rufe, ya kifa ta, ya ƙyasta da yatsa. In ya ga ƙwayar iska ko ɗaya, ya sake sabuwa, domin benzin cikin wannan iskar zai tsere. Daga nan sai kula mai ƙanƙara, sai ɗakin gwaji. Har da kwalbar tsaftataccen ruwa ake haɗawa cikin kayan, don a gane in hanya ce ta ɓata su. Kwalba ta wuni a bayan mota cikin rana, lambar da za ta bayar ba abin dogaro ba ce.

Tafasawa fa? Tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da kuromiyam suna nan cikin tukunya, ƙaruwa ma suke yi in ruwa ya ƙone. Rijiyar burtsatse mai zurfi ita ma ba lallai ta tsira ba. In ba a like wuyanta da siminti ba, ita ce za ta zame wa dattin sama hanya.

Ba Ogoni kaɗai ba ce. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano da kuromiyam suke aiki, kuma gidaje sun kewaye su, galibi da rijiya ko burtsatse. A ganina irin waɗannan wurare sun cancanci rijiyoyin gwaji na dindindin, a ɗiba da damina a ɗiba da rani, tunda ruwan ƙasa hawa da sauka yake yi, sannan a kai wa mai unguwa kwafin sakamakon, da lambar kowace rijiya da ranar da aka ɗiba.