Gargaɗi ga Masu Zuba Kifin Ado a Tafkin Lambu

Tun da masu hali na Kano da Kaduna da Abuja suka shiga yayin gina ɗan tafki a lambun bayan gida, wata gafala ta bayyana wadda ya wajaba a yi magana a kanta, watau yadda ake sayo jan kifin nan na ado, wanda ake kira kifin zinariya, a tuttule shi cikin ruwa ba tare da wani shiri ba. Na ga haka da idona a gidan wani maƙwabci: magini ya gama shafe tafkin da siminti, washegari aka cika shi da ruwan famfo, sa'an nan da azahar, rana tana tsaka, yaro ya kwance bakin leda ya juye kifayen gaba ɗaya. Kafin gari ya waye sun taso saman ruwa, cikinsu yana kallon sama. Maigida ya ce mai sayarwa ne ya cuce shi, uwargida ta ce kambun baka ne, alhali kuwa babu abin da ya kashe su illa garaje.

Wannan kifi asalinsa daga ƙasar Sin yake, inda aka yi fiye da shekara 1,000 ana kiwonsa, kuma halitta ce mai juriya, wadda idan ta sami kulawa takan rayu shekara 10 zuwa 15, har ma fiye. Amma fa Allah bai ba kifi ɗumin jiki nasa na kansa ba, zafinsa da sanyinsa na ruwan da yake ciki ne. Saboda haka wanda ya fitar da shi daga ruwan leda da ya sha rana a cikin mota, ya jefa shi farat ɗaya cikin ruwa mai sanyi, ya gigita shi ke nan, ko da bai mutu nan take ba, cuta za ta same shi bayan 'yan kwanaki. Abin da ya kamata, kuma a nan ne mutanenmu suka fi gazawa domin ba su da haƙurin rabin sa'a, shi ne a ɗora ledar a ɗaure bisa ruwan tafkin, a inuwa, ta yi iyo minti 20 ko 30, har ɗumin ruwan ciki da na waje su daidaita. Daga nan sai a kwance bakinta, a riƙa ɗebo ruwan tafkin da ɗan kofi ana zubawa ciki kaɗan-kaɗan, ana dakatawa minti biyar tsakanin kofi da kofi, har ruwan ledar ya ninka. Sa'an nan a kwaso kifin da 'yar koma mai laushi a sake shi, ruwan ledar kuwa a zuba wa shuka, gama yana ɗauke da kashin kifi, wataƙila har da cutar shagon da aka sayo shi. A yi wannan aiki da sassafe ko da la'asar sakaliya. Kada kuma a ba shi abinci ran nan, balle yara su bi shi da gutsuren burodi.

Tafkin kansa ma yana da sharuɗɗa. Sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa wanda ke ƙona fatar kifi da gaɓɓan da yake numfashi da su, don haka tilas a cika tafkin, a bar ruwan ya kwana biyu, a zubar, a maimaita haka cikin 'yan makonni kafin a kawo kifi. Ruwan famfo kuma ana sa masa kulorin, wanda ke tsarkake mana ruwan sha amma guba ne ga kifi. A bar ruwan a buɗe kwana biyu, ko a sa maganin da ake sayarwa don kashe ƙarfin kulorin ɗin. Zurfi kada ya gaza santimita 60, a kuma sama masa inuwa, domin ruwa marar zurfi yakan yi zafi ƙwarai da bazara, iskar da ke cikinsa ta ragu, sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa. Da hunturu kuma ya yi sanyi da dare fiye da kima. Wanda ya haɗa kifin da tarwaɗa kuwa, abinci ya kai mata.

Malamai suna karantar da mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, kuma ban ga dalilin da zai fitar da kifi daga wannan hukunci ba, tun da shi ma rai ne da aka tsare don jin daɗin ido. Wanda ya san ba zai iya jira siminti ya huce ba, ba kuma zai iya tsayawa rabin sa'a a bakin tafki da kofi a hannu ba, don Allah ya bar kifin nan a hannun mai sayarwa.