Kari da Amsa-amo a Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi ginin waƙar Imfiraji ta Alhaji Aliyu Namangi Zariya, wanda ya rasu a 1990, musamman ta fuskar kari.

Tsarin baitocinta ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙwar-biyar ce. Ɗango huɗu na farko a baiti suna ƙarewa da gaɓa iri ɗaya, wadda takan sake daga baiti zuwa baiti, wato ƙaramin amsa-amo. Ɗango na biyar ke ɗauke da babban amsa-amo, wanda ke ɗaure baitocin wuri guda.

A wajen kari ne aikin yake. Tun 1949 Greenberg ya nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya bisa nauyin gaɓa, M.K.M. Galadanci kuma ya faɗaɗa batun a 1975 ta hanyar arulin Larabci. A wannan ma'auni Imfiraji tana cikin Ramal, ƙafa biyu a kowane ɗango. Ƙafar ita ce faa'ilaatun: gaɓa mai nauyi, marar nauyi, sannan masu nauyi biyu, kamar a furucin "gaskiyar nan". Zihafi kan sauƙaƙa gaɓar farko, ƙafar ta koma fa'ilaatun, kamar a "maganar nan".

Sai dai mai yanka waƙar daga bugaggen littafi yana cikin haɗari, domin rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane gaɓarsa ta farko marar nauyi ce, "gari" na tuwo kuwa tasa mai nauyi ce, alhali rubutunsu ɗaya. Ɗalibi ya karanta wannan a madadin wancan, sai ya yanke hukuncin cewa ɗango ya karye, ya ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba. Haka nan gaɓar ƙarshen ɗango, mai nauyi ake ƙirga ta ko da wasalinta gajere ne.

A ganina, bai kamata a manta cewa Namangi makaho ne ba. Da kunne ya auna baitocinsa, da baki ya fitar da su, wasu suka rubuta. Saboda haka duk ɗangon da ya ƙi shiga faa'ilaatun a takarda, a fara komawa ga rerawa, a ji inda murya ta ja wasali da inda ta haɗiye shi, kafin a kira shi karyayye.