FAMFON ISKA DA FAMFON HASKEN RANA: ABIN DA YA KAMATA KU SANI KAFIN KU SAYA

Jama'a manoma da makiyaya na ƙasar Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, kun san yadda ruwa yake a wajenmu. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, wasu sun wuce gaba ashirin, har sai an sa raƙumi ko sa ya ja wasaki. Inda aka haƙa burtsatse kuwa, janareta ake kunnawa. To, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da yawa. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma ke ta tambayarmu batun injin da ba ya shan mai. Iri biyu ne: mai aiki da iska da mai aiki da hasken rana.

YADDA FAMFON ISKA YAKE AIKI

Wata babbar fanka ce ta ƙarfe a kan doguwar hasumiya, an kafa ta daidai bakin rijiya. In iska ta juya fankar, sai ta riƙa ɗaga wata sandar ƙarfe tana sauke ta, sandar kuma ta tura ruwa sama ta cikin bututu. A bayan fankar akwai wutsiya wadda ke juya ta ta fuskanci inda iska ke fitowa. Ba sabon abu ba ne. An kafa irinsa a ƙasar Sakkwato da ta Kano tun shekarun 1960, amma yawancinsu sun tsaya saboda babu mai kula da su.

Ga abin da mai sayar da injin ba lalle ya gaya muku ba. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau takwas yake ninkawa. Haka nan idan ta ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin ne ya saura. Wato 'yar iskar da ke sanyaya maka jiki a gindin dalbejiya ba za ta ɗaga ruwa daga gaba ashirin ba. Sa'an nan in zurfin rijiya ya ninka, ruwan da injin zai fitar rabi ne zai koma.

Iskarmu kuwa tana da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga arewa maso gabas da ƙarfi, musamman daga hantsi zuwa azahar. A faɗuwar damina akwai iskar hadari, wadda ta fi kusa da karya injin da ta juya shi. A ƙarshen damina da kaka sai ta kwanta. Ko a bazara, lokacin da dabbobi suka fi ƙishi, akan yi kwanaki ganye ba ya motsi.

Kada ku ce ai an yi a Katsina. Gaskiya ne, a Lambar Rimi Gwamnatin Tarayya ta kafa injunan iska 37 don ba da lantarki megawat 10. Amma tsawon kowannensu ya wuce mita 50, kuma sai da aka auna iskar wurin kafin a zaɓe shi. Duk da haka aikin ya ci fiye da shekara goma.

KU AUNA ISKARKU DA KANKU

Ku kafa doguwar gora kusa da rijiyar, ku ɗaura ƙyalle a samanta. A sa yaro ɗan makaranta ya riƙa dubawa safe, rana da yamma, yana rubutawa a littafi ko ƙyallen ya miƙe ko ya langaɓe. A yi haka tun daga hunturu har ruwa ya sauka. In ranakun langaɓewa sun fi yawa, to ku bar zancen iska. In rijiyar tana tsakiyar gari ko bayan shingen itatuwa, nan ma bai dace ba, domin fankar sai ta ɗara duk wata bishiya da gini na kusa. Kada kuma a sare shingen dalbejiya saboda injin. Shi ne ke hana rairayi binne maka shukar gero.

FAMFON HASKEN RANA

A ganina, ga yawancin ƙauyukanmu wannan ya fi. Rana ba ta yi mana rowa, kuma ta fi ƙarfi a daidai watannin da ruwa ke wuya. Allunan sola na ba da lantarki, famfon da ke cikin burtsatse ya turo ruwa. Ba a bukatar batir. A kafa allunan su fuskanci kudu, a ɗan karkace, inda inuwa ba ta faɗa musu. Maƙiyinsu ƙura ce. A lokacin hunturu a goge su da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin su yi zafi, aƙalla sau biyu a mako. A kewaye su da waya, a sa mai gadi, don ɓarayi sun san darajarsu.

TANKI

Ko wanne kuka zaɓa, tanki dole ne. Iska takan kwanta, hazo yakan rufe rana. Na san wani ƙauye da suka zuba duk kuɗinsu a alluna da famfo, suka sayi ɗan ƙaramin tanki. Da azahar ruwa na malala a ƙasa, da la'asar kuwa lokacin da shanu ke dawowa daga kiwo babu ko ɗigo a komi.

Ga lissafi. Saniya na shan wajen lita 30 a yini, ta fi haka a bazara. Shanu 100 ke nan lita 3,000. Mutum 200, kowa lita 20, lita 4,000. Jimla 7,000 a yini. Mai famfon iska ya nemi tankin ruwan kwana uku, wato lita 21,000. Mai na rana ruwan yini ɗaya zuwa biyu ya isa.

KUƊIN GYARA

Iska kyauta ce, rana kyauta ce, amma injin ba kyauta ba ne. Famfon iska yana son giris a kai a kai, fatar da ke cikin famfon tana cinyewa, kuma sai an sami wanda zai naɗe wutsiyar ya tsai da fankar in hadari ya taso. Na rana ma famfonsa yakan ƙone in ruwan burtsatse ya janye ana ta jansa. Saboda haka ku yanka ɗan abin da za a riƙa biya a kan kowace jarka da kowane garke, a ajiye a asusun ƙungiya, mutum uku su sa hannu. Dagaci ko mai unguwa ya shaida.

Kafin ku ba kowa ko sisin kwabo, ku zo wurin malamin gona da abu uku: zurfin ruwan rijiyarku a watan Afrilu, yawan mutane da dabbobin da za su sha, da littafin nan na ƙyalle. Ku kuma tambayi mai sayarwa inda ake samun kayan gyara, a Gumel ne ko sai an je Kano.