Taransifoma, fis da taswirar wutar lantarki: abin da ya kamata ku sani

Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Zamfara, har da Anka, Gummi da Bukkuyum, tare da jihohin Kaduna, Sakkwato da Kebbi. Wutar kan zo ta manyan layuka masu ƙarfin bolt dubu 33 ko dubu 11, sai taransifoma ta sauke ta zuwa kimanin bolt 230 da ake amfani da shi a gida.

Taransifomar unguwa da muka saba gani, fis ɗinta a waje yake, a jere su uku a saman turke. Idan ɗaya ya ƙone sai ya saki ya yi reto, kowa na gani daga ƙasa, ma'aikaci ya sauko da shi da doguwar sanda ya sake sa wani.

Akwai kuma ƙananan taransifomomi masu kare kansu, waɗanda ake rataya a jikin turke don gidaje kaɗan. Su fis ɗinsu yana ciki, a nutse cikin mai, tare da makunnin da ke katse wuta idan kaya sun yi yawa, ga abin tare tsawa a jikinsu. Idan makunnin ya faɗi, ana iya mayar da shi daga waje. Amma idan fis na ciki ya ƙone, yawanci sai an sauke taransifomar dungurungum.

A nan taswirar kwamfuta ke shigowa. Kamfanonin wuta suna shigar da kowane turke, waya da mita a manhaja, don idan aka kai ƙorafi a bi layi a gano inda wuta ta tsinke. Idan aka zana wa taransifoma mai kare kanta fis a waje, za a tura ma'aikata neman abin da babu shi. Idan kuma ba a nuna tana da kariya ba, manhajar za ta ɗora laifin a kan fis na gaba, ta ƙirga gidajen da wutarsu lafiya lau cikin waɗanda wutarsu ta ɗauke. Shi ya sa ake rubuta kariyar a cikin bayanan taransifomar kanta.

Don haka idan za ku kai ƙorafi, ku faɗi lambar mitarku da sunan taransifomar unguwa. Kada kuma ku bari wani ya ɗaura waya a madadin fis, domin ranar da kaya suka yi yawa taransifomar ce za ta ƙone.