Agiye, Gazawa, Gidan Rumji: da aka ce kowa ya zauna gida

Ran 19 ga watan Maris na shekarar 2020 ne gwamnati ta bayyana cewa an samu mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a birnin Yamai. Kafin watan ya ƙare an rufe iyakokin ƙasa, an rufe makarantu da masallatai, gidajen rediyo kuwa suka shiga gargaɗi dare da rana: kowa ya zauna gidansa, ya wanke hannu da sabulu, ya nisanci cunkoso. Gargaɗin ba shi da laifi. Sai dai an tsara shi ne domin mai gida da ruwa, alhali a wannan lokaci akwai dubban mutane a gundumar Gidan Rumji da ba su mallaki ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Tun shekarar 2019 mutanen ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara ƙetaro iyaka, suna gudun ƴan bindiga masu satar shanu da mutane. A watan Afrilu na 2020 kaɗai, hukumar MDD mai kula da ƴan gudun hijira, wato HCR, ta ƙidaya kimanin mutum 23,000 da suka shigo, akasarinsu mata da yara, abin da ya sa jimillarsu ta haura 60,000. Iyaka na rufe bisa takarda, amma Nijar ba ta kore su ba.

Wa ya sauke su? Kafin motar wata ƙungiyar agaji ta iso, masu gari ne da talakawansu. Wannan ya ba da zaure, wancan ya ba da kango, wata ta raba ɗakinta biyu da tabarma. Da yawansu dangi ne, domin iyakar da Turawa suka shata ba ta taɓa hana auratayya tsakanin Gobirawan Tibiri da na Sabon Birni ba. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne; wannan raɓa kam rana ta fito ba ta kau ba. Gidan mutum goma ya koma na ashirin, rijiya ɗaya, rumbu ɗaya, ga bazara ta tsananta. A irin wannan gida, zancen barin tazara tsakanin mutum da mutum zance ne kawai na rediyo.

Daga baya gwamnati da HCR suka riƙa kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka ba su matsuguni kusa da ƴan gari maimakon sansani mai shinge, aka kuma samar da ruwa da ɗakin shan magani da azuzuwan makaranta don amfanin baƙi da masu masauki baki ɗaya. Dabara ce mai kyau, kuma a nan ne aka ga amfanin magajin gari da sarakuna, don ba a kafa ko tanti sai an san mai fili, an kuma shawo kansa.

Amma ƙarfin ƙananan hukumomi bai wuce nan da yawa ba. A 2004 aka fara zaɓen majalisunsu. A 2016 gwamnati ta miƙa masu wani sashe na ayyuka huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Aikin ya iso da sauri, kuɗin kuwa suka biyo baya da ɗingishi. Abin da ke shiga asusun magajin gari shi ne harajin kai, da na kasuwa, da na tasha, sai kuɗin filayen da ake yankawa a sayar. Rufe iyaka ya raunana kasuwanni, harajinsu ya ragu daidai lokacin da ake neman sabulu da bokitai. Ga shi kuma majalisun da annobar ta tarar, tun 2011 aka zaɓe su. Wa'adinsu ya ƙare a 2016, aka yi ta ƙara masu lokaci har zuwa zaɓen 13 ga Disamba na 2020.

A Agiye da Gazawa, can gabas da Maraɗi bisa babbar hanyar Tasawa, matsalar ta ɗauki wata kama. Nan rashin muhalli ba ya nuna kansa bisa titi kamar a manyan birane. Yana ɓoye cikin gidan gado, inda ƴaƴa suka yi aure aka rasa wurin ƙara ɗaki. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, duk filin da aka yanka don gini gonar wani ce ta tafi. Kuma idan hukuma da kuɗin fili take biyan ma'aikatanta, wuya ne ta sayar da shi da rahusa. Ɗan kasuwa da ma'aikaci su ke saye, talaka ya koma ginin laka cikin kwari. Abin sauƙi ɗaya shi ne itace: manoman yankin, irin na Ɗan Saga, sun daɗe da komawa ga renon sabbin tsiron itatuwa a gonakinsu, har itacen rufi ya samu.

Daminar 2020 ta zo da ruwa mai yawa. Ambaliya ta shafi mutane fiye da 500,000 a faɗin ƙasa, jahar Maraɗi na sahun gaba, ɗakunan laka suka yi ta zubewa, iyalai da dama suka fake a azuzuwan makarantu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi kuma hannuwan da suka sauke baƙi su ma sun shiga neman rufi.

Korona ita kanta ta zo da sauƙi: lissafin hukuma bai kai mutum 10,000 da suka kamu ba, waɗanda suka rasu 300 da ɗoriya. Cutar da ta bi sawun cunkoso da rashin ruwa mai tsabta ita ce kwalara. Ta ɓulla a Madarunfa a 2018, ta dawo a 2021 ta kama mutane sama da 5,000 a ƙasa, ta kashe fiye da 150, jahar Maraɗi ce kuma ta fi jin jiki. Salga da famfo da magudanar ruwa, waɗanda rashinsu ke ba kwalara hanya, duk suna cikin ayyukan da aka ce na magajin gari ne.

A watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta CNSP ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa wakilai su riƙe su. Sabbin shugabannin sun gaji asusun nan maras nauyi, suka kuma tarar da baƙin 2019 da dama ba su koma gida ba.