Wasan lissafin da ya gagari manyan kwamfutoci

Dokar wasan mai sauƙi ce. A zaɓi kowace lamba: in tana rabuwa gida biyu daidai, a raba ta, in ba ta rabuwa, a ninka ta sau 3 a ƙara 1, a ci gaba da haka. Daga 6 za a bi ta 3, 10, 5, 16, 8, 4, 2, har 1.

A 1937 Bajamushe Lothar Collatz ya yi hasashen kowace lamba sai ta sauko 1. Lamba 27 ma sai ta haura 9,232 kafin ta iso, a mataki na 111.

Kwamfutoci sun gwada lambobi fiye da biliyan sau biliyan, babu wadda ta kauce. Sai dai gwaji ba hujja ba ne: lamba ɗaya tak ta isa ta rushe hasashen. Mai koyon Python zai iya rubuta wasan a layi biyar.